Ranar da Inna Ta Kama Sunan Ɗan Farinta

Ni dai tun ranar da Yaya Maharazu ya ce ya kai Inna gidan kula da tsofaffi a unguwar Catford ta Landan hankalina bai kwanta ba. Lokacin da arzikin mai ya ruɗa mutane ne, duk babban ma'aikaci sai ya ɗauko uwarsa ya kawo ta asibiti Landan. Shanyewar ɓarin jiki ta kawo Inna. Da aka sallame ta, shi yana kwas, ni ina Manchester da ɗanyen goyo, sai ya ajiye ta can, wai kafin ta iya hawa jirgi.

In na buga waya sai ya ce, "Lafiyarta lau, Karimatu." Ina ya sani? Shi ne ɗan farinta. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, "wancan" take ce masa. Sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta juya fuska bango, ya ajiye lemo ya tafi, shi a dole ya sauke nauyi.

Ni auta ce, babu wannan kunyar tsakanina da ita. Ranar da na je, wari ne ya fara tarbata. Na zare mata ɗankwali, ashe kitson da na yi mata tun a Kano ne, ya dunƙule kamar soso. Na yaye bargo. Innalillahi! Ƙugunta da bayanta duk gyambo, zanin gado ya manne a jiki. Kofin ruwa kuwa a gefen hannun da ya shanye aka ajiye shi.

Na yi kan matron, shugabar masu jinyar gidan, wata doguwa mai siririn baki. Ko tashi ba ta yi ba. Wai tsohuwar ce ke ƙin a juya ta.

Ana cikin haka Yaya ya iso, ya ja ni gefe. "Ki rufa mana asiri, kar ki jawo mana magana a ƙasar mutane."

Na ce, "Yaya, wallahi ka ba ni kunya. Uwarka na ruɓewa, kai ta sunanka kake yi?"

Na kai ƙara council, wato ƙaramar hukumar unguwar, na ɗauki lauya. Lauyan ne ya faɗa mini gaskiya: gidan sun ce Inna ta gigice, shaidarsu kuwa ita ce ko ɗanta ba ta ganewa, in ya zo ba ta kula shi. In wannan ta zauna, duk abin da ta faɗa ya zama sambatu, su kuma su wanke hannunsu.

Jami'ar council ta zo da tafinta, Rhoda, wata 'yar Jos. Yaya na bakin ƙofa, matron na tsaye ta harɗe hannu. Jami'ar ta nuna Yaya, Rhoda ta fassara: "Mama, wai wane ne wannan?"

Inna ta juya fuska bango. Matron ta yi wani ɗan murmushi da ya sa na ji kamar in shaƙe ta.

Na durƙusa na ce, "Inna, don Allah. In ba ki faɗa ba, cewa za su yi ba ki da hankali."

Sai ta juyo, ta dubi Yaya ido cikin ido.

"Maharazu ne," in ji ta. Wannan ko matron ba ta nemi tafinta ba. "Ni na haife shi. Ina jin sallamarsa nake juya baya, don kar ya ga ina kuka. Ki rubuta, tun da na zo gidan nan sau nawa nake kiran ruwa ba mai zuwa."

Jami'ar ta duƙufa rubutu. Yaya kuwa ya matso, ya zube a gefen gadon. Inna ta miƙa hannunta mai lafiya ta kama rigarsa.

"Maharazu, fitar da ni daga nan."