Ciwon Mata a Ƙirjin Koci

Tun kafin ta haifi 'yarta ta fari take bin diddigin abu guda: yadda sinadarin istirojin, wanda ke mayar da yarinya cikakkiyar mace, yake komawa abincin kansar mama. A wurin aiki Farfesa ake ce mata. A gida kuwa mijinta ya laƙaba mata Uwar Ɓeraye, wai ta fi sanin lafiyar fararen ɓerayen gwajinta a kan ta mutanen gidanta. Shi malamin motsa jiki ne a wata sakandare, ƙato mai faɗin ƙirji da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Kowa Koci yake ce masa, har 'ya'yan cikinsa.

Aikinta ba mai wuyar faɗi ba ne, yin sa ne wuya. Akwai ƙwayar magani da ake ba mata masu ciwon, tana toshe ƙofar da sinadarin ke bi, sai kansar ta rasa abinci ta lafa. Amma a jikin wasu, bayan shekaru, sai ta koyi cin kitsen jiki, ta farfaɗo da ƙarfin da ya fi na da. A kan wannan wayo Farfesa ta ƙarar da ƙuruciyarta, a wani dogon ɗaki mai sanyi inda firji ke gurnani, tana sunkuye a kan farantai ƙanana masu jan ruwa. In baƙi suka tambayi Koci aikin matarsa, sai ya ce, "Horon yunwa take yi wa kansa, ita kuma kansar tana satar abinci ta taga."

Wata Asabar da hantsi ya dawo daga gudu, ya tuɓe riga a tsakar ɗaki kamar kullum. Tana shanya tawul ta hango ɗigon jini a farar singiletinsa, daidai kan nonon hagu.

"Me ya same ka a nan?"

"Igiyar usur ce ta gurje ni."

"Matso in gani."

Bai matso ba, ita ta je. Yatsunta suka taɓa wani ƙullutu mai tauri kamar tsakuwa, wanda ba ya motsi. Ta nemi bakin gado ta zauna.

"Tun yaushe, Baban Yara?"

"An kwana biyu."

"Tun yaushe na ce."

Ya kalli ƙasa. "Tun bara."

"Bara! Muna ɗaki ɗaya da kai?"

"To in ce miki me? In ce Koci ya kamu da ciwon mata? Na ɗauka zai baje da kansa."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa. Ta ɗauko masa wankakkiyar riga ta ce ya sa.

A asibiti ɗakin jira cike yake da mata, wasu da ɗankwali a kan da ba gashi. Koci ya takure a ƙarshen benci, ya rasa inda zai sa idonsa. Da layi ya zo kansu, nas ta dubi Farfesa ta ce, "Shigo, Mama. Maigida, kai ka jira a nan." Ya miƙe a hankali, ya gyara wuyan riga, ya ce, "'Yata, ni ne mai ciwon. Ita rakiya ta yi." Wata tsohuwa da ke kusa ta yi dariya har da tari, sannan ta kama hannunsa ta ce, "Sannu, ɗan'uwa. Allah ya ba mu lafiya."

Aka yi aiki, aka cire nonon da ƙululun hammata. Gwaji ya nuna irin kansar da ke cin istirojin ce, domin jikin namiji ma yana da nasa kaɗan. Aka ɗora shi a kan ƙwayar nan da Farfesa ta sani kamar tafin hannunta. Maganin ya riƙa taso masa da zafi, yana zaune sai gumi ya karyo masa sharkaf. Ya kan ɗauki murfin tukunya yana fifita, yana cewa, "Uwar Ɓeraye, ashe abin da kuke sha ke nan kuka yi shiru? Na tuba." Autarsu, wadda ke jami'a a lokacin, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Farfesa ma tana yi, amma tata ba ta kai zuci.

Shekaru suka ɗan ja da daɗi. Ya koma fili da usur ɗinsa. Suka aurar da babbar 'yar, ya goya jika a wuya. Sai wani lokaci ya fara dafe ƙugu in zai tashi. Ya ce katifa ce, aka sauya katifa. Ya ce tsufa ne.

Likitan da ya duba hoton da aka ɗauke shi a asibiti tsohon ɗalibinta ne. Ya juyo da allon kwamfuta, ya yi gyaran murya, ya kasa farawa. Ba ta buƙaci ya fara ba. Ta ga tabon kansar a ƙashin baya, ta ga wasu a hanta.

"Malama..." in ji shi.

"Na gani. Yi masa bayani, shi ne mai jikin."

Suka shiga mota suka kama hanya. Da suka tsaya a danja Koci ya ce, "Kansar ta samo tagar ke nan."

"Ta samo."

"Wancan sabon maganin naki fa? Wanda kika ce ɓerayenki sun warke?"

"Ƙullutun ya motse, amma hantar wasunsu ta lalace. Ba a taɓa ba mutum ba. Da sauran shekaru."

"Ni ba ni da shekaru. Ki ɗauke ni babban ɓera mana. Ga ni, ba na cizo."

Bayan ta sauke shi a gida ta wuce wurin aiki. Rana tsaka ce, ɗalibai sun fita cin abinci. Ta buɗe firji ta ciro 'yar kwalbar maganin, farin gari ne a ciki wanda bai cika cokali ba. Ta riƙe ta har sanyin ya fara cizon yatsunta. Ta san adadin da ake ba ɓera, ta iya lissafin na mutum mai nauyinsa. Ta kuma san yadda hantar ɓerayen nan ta koma da ta buɗe su, ga tasa hantar da ma ta taɓu. Ta mayar da kwalbar ta rufe firjin, ta jingina goshi da ƙofarsa ta yi kukan da ba ta yi a gida ba.

Da ta gaya masa ba za ta iya ba, ya yi fushi na yini guda, ya juya fuska bango. Washegari ya kira ta ya ce ta kawo masa shayi, kuma kada ta cika sukari kamar jiya. Bai ƙara ta da maganar ba.

Aka gwada wasu magungunan, kowanne ya riƙe shi na ɗan lokaci ya sake. Ƙaton nan ya zube har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Tsofaffin ɗalibansa suka riƙa zuwa dubiya, magidanta da tumbinsu. Mutumin da ya ɓoye ciwo shekara guda, yanzu shi ke ɗaga riga ya nuna musu tabon. "Ku shafa naku in kun je gida," in ji shi. "Wanda ya ji tsakuwa ya ruga asibiti da gudun da na koya masa."

Ta ɗauki hutu ta zauna da shi. Wata la'asar tana yanke masa farce, taga a buɗe, yara na ƙwallo a layi, ya ce mata wancan mai ihun ba ya ba da fasin, daga jin muryarsa. Ta ce ya bar yaran mutane su sarara. Ta gama hannun dama, ta ce ya miƙo na hagu. Bai miƙo ba.

Bayan an tashi zaman makoki gida ya watse, 'yan'uwa sun koma, likitan ya kira ta. Gwajin jinin da aka yi wa Koci ya nuna ciwon na gado ne, kowane ɗa nasa zai iya ɗauka, zai iya kuma tsira. Babbar 'yar ta je an duba ta, ba ta da shi. Auta ce ta yi ta ja da baya, yau jarrabawa, gobe ciwon kai, har Farfesa ta daina tuna mata. Rannan da safe sai ga ta a bakin kicin da jaka a kafaɗa.

"Mama, ki kai ni."

Suka tafi. A filin ajiye motoci na asibitin Farfesa ta kashe mota, amma Auta ba ta taɓa ƙofa ba.

"In aka ce ina da shi fa?"

"Sai mu sa ido tun da wuri. Da yawa suna tsufa da shi ba abin da ya same su."

"A matsayin Farfesa kike gaya mini, ko a matsayin uwa?"

Ta dubi yarinyar, ta gyara mata ɗan kunnen da ya karkace. "Yau dai uwa ce ta kawo ki."

Auta ta share ido da bayan hannu, ta ja numfashi. "To ki shigo da ni. Ba na son allura."

Suka fito, Farfesa ta karɓi jakar ta rataya a tata kafaɗar, suka nufi ƙofa.