Gayyar Yaya Mani

"Naira biyu kowane mutum, daga hantsi zuwa la'asar," in ji Alhaji Gide ɗan kwangila, yana jingine da sabuwar motarsa a kasuwar Daudawa. "Majiya ƙarfi talatin nake so ranar Alhamis."

Na ce, "Ni fa, Alhaji? Dillali iska yake ci?"

"Sule biyu kan kowane kai, Malam Audi."

Muka tafa. Shekarar ke nan da kuɗin fetur suka iso mana, Alhaji ya sayi gonaki tara ya haɗe su gona ɗaya.

Ba zan yi ƙarya ba, na san Alhamis ɗin nan wana, Yaya Mani, ya kira gayya. Har goron gayyar na ci. Kurkunu ya kwantar da shi tun shuka, ciyawa ta fi dawarsa tsawo. Shekara talatin ba a yi gayya a garinmu Tafoki ba tare da fartanyarsa ba. Na ce a raina, ai mutanen gari da yawa, ko na ɗebi talatin wasu za su je masa.

* * *

Ranar Alhamis da azahar na bi ta gonar Yaya. Matarsa Saudatu ta sayar da akuya ta yi tuwo ƙwarya goma sha biyu, ga fura a ƙarƙashin ɗorawa. Rabo makaɗi ne kaɗai ya zo da gangarsa, sai tsofaffi uku.

Da can, daga nan har bakin rafi ƙura ce da kirari, samari na tseren kuyya, 'yan mata na guɗa. Na tsaya ina jin wannan kiɗin a kunnena, alhali gangar tana ajiye a ƙasa.

"Audi," in ji Yaya, ƙafarsa naɗe da tsumma, "ko sun mance ranar? Na ce masu Alhamis fa."

"Suna tahe, Yaya."

Saudatu ta dube ni. "Suna tahe a bayan motar Alhaji. Har waɗanda ba a ɗauka ba sun bi, ko za a dace. Zauna ka ci, kada ya lalace."

Na ci. Tuwon ya huce.

* * *

Dawar ba ta yi ba. Da kaka Yaya ya sayar da gonar, ni na yi dillancin.

Alhaji ya samu gona ta goma. Samari sun sayi rediyo, ni na sayi keke. Rabo ya rataye gangarsa, gara ta cinye ta. Yaya kuwa, da ƙafar ta warke, ya koma noma wa Alhaji gonar mahaifinmu da ya sayar, naira biyu daga hantsi zuwa la'asar.