Sunan da ke jikin kwalba

Kwana biyu ke nan 'yar farin Ummuhani na kwance a wani asibiti a Garwa, ta naɗe kamar tabarma, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Dakta Yvonne ta ce wani ɗan nama ne da ke bayan tumbi ya kumbura. Ciwon kan lafa da kansa a wasu yaran, a wasu kuwa ya taɓa ƙoda da huhu. Jini ne zai faɗa: a auna ranar farko, a sake bayan kwana biyu, a gwada. In lambobin sun hau, yau za a mai da ita ɗakin masu tsanani, kuma gado ɗaya ya rage can.

Na farkon, Alhaji Iliyasu ne ya kai labo, ɗakin gwajin jini, ya rubuta sunan 'yarsa na yanka, ya wuce Meiganga sayen shanu. Na biyun ya faɗo kan Ummuhani. Da Gaston mai karɓar kwalabe ya tambayi suna, ta sunkuyar da kai. Shekara tara bakinta bai taɓa kama sunan nan ba, ina uwa ina sunan 'yar fari! Ta ce, "Mailafiya," lakabin da kaka ta sa.

Azahar ta yi, takarda ba ta fito ba. Numfashin yarinyar ya fara sauri, leɓɓanta suka bushe. Tsoro ya kama Ummuhani.

Dakta ta shigo da Gaston, hannunsa riƙe da takardu biyu.

"Madam, suna biyu muke gani," in ji Dakta. "Ba zan ɗauki jinin wata in yanke wa wannan hukunci ba. Faɗa mini cikakken sunanta."

Wayar Alhaji ba ta shiga. Ummuhani ta dubi matan da ke jinya a ɗakin, duk sun zuba mata ido. Ta juyo ga Dakta.

"Hawa'u," ta ce. "Hawa'u Iliyasu. Ita ce Mailafiyar."

Dakta ta jera takardun, ta bi su da yatsa, fuskarta ta sauya. Ta ce wa Gaston ya ruga ya ce a riƙe gadon.

Yarinyar ta buɗe ido, ta kama gefen zanen uwarta.

"Inna, kin kira sunana," ta ce a hankali. "Mutuwa zan yi?"