Madu Bai Rantse Ba

Rebeka ba ta faɗi sunan Madu ba, amma duk da haka an kore shi daga mayanka.

Madu mahauci ne ɗan mahauci. A unguwar Ajilari yake zaune, katanga ɗaya ce tsakaninsa da Dzarma, tsohon malamin firamare. Rebeka 'yar Dzarma ce, a kan idon Madu ta girma. Yanzu tana jami'a tana karanta wani abu wai shi ɗa'ar aiki. Da ya tambaye ta mene ne wannan, sai ta ce sanin abin da ya dace da wanda bai dace ba ne, a sana'a, a ofis, da cikin jama'a.

Madu ya ce, "To mu da ba mu je ba, jakai ne ke nan?"

Ranar dariya suka yi.

Wata la'asar ta same shi a ƙofar gida, ransa a ɓace. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce malaminsu ya ce kowa ya zaɓi sana'a ɗaya ya binciko yadda ake yin ta, gaskiyarta da ha'incinta.

"Baba Madu, sunanka ba zai fita ba. Dokar karatunmu ce. Ko malamina ba zai ji ba."

Da wata rana ce, da korar ta zai yi ta tafi wajen teloli. Amma da safen nan ya ga abin da ya hana shi karyawa. Motar shanu ta iso daga nesa, wasu sun mutu a hanya saboda zafi da matsi. Alhaji Habib, shugaban ƙungiyar mahautan ƙaramar mayankarsu, ya sa aka ja su bayan rumfa aka sa musu wuƙa a wuya kafin likitan dabbobi ya zo. Jinin da ya fita ko na kaza bai kai ba. Mushe ne, kowa ya sani. Madu bai ɗauki ko tsoka ba, amma ya ga matan da suka saya, har da wata mai goyo tana godiya wai an yi mata sauƙi. Kuma ba ranar aka fara ba.

Abin yana cin sa, ga wadda ta zauna tana saurare. Sai ya amayar mata da shi duka.

Rebeka ta cika alkawarinta yadda ta fahimce shi. Ranar da ta tashi a gaban malamai da baƙi ta karanta aikinta, "wani mahauci" kawai ta ce. Cikin baƙin akwai ma'aikacin lafiya. Ba a daɗe ba ma'aikatan lafiya suka dira a mayankar da sassafe, suka kama abin a hannu, suka zuba wa naman fetur suka ƙone. Aka rufe wurin na ɗan lokaci. Har rediyo ta faɗa.

Ranar da aka buɗe, Alhaji Habib bai bari an kayar da ko akuya ba. Ya tara mahauta a rumfa. Gefensa ga malami da Alƙur'ani a gafaka, ga butoci an jera.

"Barewa ba ta shigo da mafarauci gida," in ji shi. "A cikinmu yake. Ba zan zargi kowa ba. Kowa ya yi alwala ya dafa, ya ce in shi ya kai maganarmu waje, Alƙur'ani ya ci shi."

Haka ake yi a wurin tun kakanni. Wuƙa ta ɓata, a dafa. An yi musu a kan saniya, a dafa. Ba a neman suna, suna ne yake kawo kansa.

Layi ya fara tafiya. Gana, wanda teburinsa yake jikin na Madu, ya dubi fuskarsa sau ɗaya ya gane. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Dafa mana, kai. Daga baya ka yi kaffara."

"Rantsuwar ƙarya ba ta da kaffara."

"To yunwa tana da ita? 'Ya'yanka fa?"

Da aka zo kan Madu, ya tsaya da ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa, hannayensa a baya.

"Ni na faɗa," in ji shi. "Saura kai, Alhaji. Ga shi nan a gabanka. Dafa ka ce ba mushe ba ne."

"Ba don wannan aka tara mu ba."

"To don me? Ku da kuka ja su bayan rumfa, ku yi magana mana! Gana, ba ka gani ba?"

Gana ya sunkuyar da kai yana duban silifas ɗinsa. Mutanen da Madu ya yi wa fiɗa ranar da suke kwance ba lafiya, waɗanda ya ɗauki gawar iyayensu, babu wanda ya yi ko tari. Alhaji Habib ya ce wanda ya tona asirin rumfa ba ɗan rumfa ba ne, kuma duk mahaucin da ya ba shi ko ƙafar saniya ya sayar, shi ma ya bi shi waje. Kafin azahar an ba wani teburin Madu.

Bai shiga gidansa ba. Ƙofar Dzarma ya buga har ta kusa ɓallewa.

"Ina mai ɗa'ar? Ta fito!"

Rebeka ta fito da hannu duk kumfar wanki. Da ta ji abin da ya faru, ta goge hannu da zaninta.

"Wallahi Baba ban faɗi sunanka ba. Wani mahauci na ce."

"Wani mahauci! Mu dubu ne a wurin? Kin tambaye ni yadda ake kama mai magana a rumfa? Kin tambaya?"

"Ban san ana rantsarwa ba."

"Ba ki sani ba. Littafin bai faɗa ba."

"Baba, mutane suna cin mushe. Yara suna ci. In na yi shiru, ni ma ina ciki."

Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya ƙara tunzura shi, don shi ma abin da ya hana shi karyawa ke nan.

"Na ce ki yi shiru? Katanga ɗaya ce! Kafin ki tashi a gaban manyanki, me ya hana ki leƙo ki ce, Baba, zan faɗa, ka shirya? Da na yarda, da na ƙi, wuyana ne. Ba na malaminki ba."

Dzarma ya sa baki. "Madu, yi haƙuri, yarinya ce."

"Yarinya ce take koyon abin da zai hana magidanci cin abinci? Malam, kai ka yi ritaya. Ni wa zai ba ni fansho?"

Rebeka ba ta zauna ba. Ta je wurin malaminta, ya ce ta bi ƙa'ida yadda ya kamata, abin takaici ne dai. Ta je wurin ma'aikacin lafiyar, ya ce su nama suka sani, rikicin ƙungiya ba nasu ba ne. Ta dawo ta faɗa wa Madu ta bayan labule, don ya hana ta shiga.

Sai magana ta shiga unguwa, kuma kan ta kai ƙarshen layi ta juya. An ji an ƙone mushe a mayanka. An ji mutum ɗaya aka kora. Mai hankali ya haɗa biyun da kansa: wai Madu ne mai sayar da mushen. Wa zai tsaya yana bin gida gida yana bayani?

Babbar Sallah ta zo. Kowace shekara tun kafin a sauko daga idi ake layi a ƙofar Madu, kowa yana so shi ya yi masa fiɗar ragonsa. Ya yi wanka, ya sa tsohuwar rigar aiki, ya fito ya zauna a kan benci. Yana jin kukan raguna ta kowace katanga, yana ganin mahautan Alhaji Habib suna shiga gidajen maƙwabtansa suna fita. Wata tsohuwa ta wuce da jikarta, ta ja hannun yarinyar ta tsallaka ɗaya gefen.

Har rana ta faɗi babu wanda ya kira shi.