Ranar da Abdulƙadir Ya Kira Sunan 'Yar Fari

Daga Ɗanbatta har bakin ruwan Watari babu wanda bai san Sabo Ƙi-Mutu ba. Agana ta kama shi ta sake shi, motar gyaɗa ta kife da shi ya fito yana karkaɗe hula, kububuwa ta sare shi har sau biyu. Shekara talatin yana dakon buhu a kasuwar Dawanau. Bai taɓa zama a aji ba, kuma bai taɓa ganin ya yi asara ba.

Jikarsa Muhsina ta gama jami'a, tana neman shiga soja a matsayin hafsa. Bara ta ci gudu, ta ci rubutu, sai gwajin hali ya kayar da ita. Manya uku ne suka zaunar da ita, su nuna mata hoto su ce ta ƙago labari, su jefa mata kalma ta mayar nan take, su ce ta faɗi abin da ta fi kowa iyawa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai kamar yadda aka yi mata tarbiyya, tana murza bakin mayafi. Suka ce wannan ba za ta iya ba da umarni ba. Bana ce damarta ta ƙarshe, domin shekarunta sun kusa wuce ƙa'ida.

"Yabon kai ne ya gagare ki?" in ji Sabo. "Amaryata, ai kin zo gidansa!"

Ya sa kujera a gindin mangwaro, ya ɗaga tsohon buhun taki mai hoton manomi. "Me kika gani?"

Ta zuba masa ido. "Wani tsoho ne mai cika baki, ya bar gona ciyawa ta cinye, jikarsa ta zo ta tara mutane aka nome."

Sai ya jefa mata kalma: "Tsoro!"

"Kai, in ka ga allura."

Sabo ya yi dariya har da tari. Mako guda suna haka, ba ta ƙifta ido. Har ya fara shela a masallaci cewa aiki ya kammala.

Ran nan suna tsaka da gwaji sai liman ya yi sallama. Kafin ka ce me, Muhsina ta zube ƙasa, kai a sunkuye, muryarta kamar ta sauro. Sabo ya saki baki. Ashe duk kwanakin nan a banza! Yaushe jika ta taɓa jin kunyar kakanta? Ai abokin wasanta ne.

Ya tafi gona da kansa, ya janyo ɗansa Abdulƙadir, uban yarinyar, da fartanya a kafaɗa.

"Zauna. Yau kai ne Kanar."

"Haba Baba, ka san fa 'yar fari ce."

Gaskiya ne. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan", kuma in saƙo ne ta bakin uwarta yake bi. Suka zauna suna fuskantar juna, shi yana kallon tururuwa, ita tana kallon yatsun ƙafarta.

"Kai, wace irin hukuma ce wannan?" in ji Sabo. "Kanar ma ya faɗi jarrabawar!"

Kwana uku ana haka. Abdulƙadir ya yi tambaya yana kallon reshe, Muhsina ta ba takalminta amsa. A na huɗu Sabo ya buga sanda a ƙasa.

"Soja da suna yake kira. Ko ka kira ta, ko gobe in ɗora maka buhun dawa ka zaga gari da shi. Kar ka ga furfura, zan iya."

Abdulƙadir ya share gumi, ya yi gyaran murya har sau uku. "Muhsina."

Mamaki ne ya ɗaga mata kai, ba ta shirya ba. Idonta ya faɗa cikin nasa.

"Au, Baba, ashe kana da tabo a gira?"

"Kakanki ne, da ludayi," in ji shi, sai duk suka kwashe da dariya.

"Ƙarya yake, da muciya ne," in ji Sabo. "Ci gaba, Kanar!"

Abdulƙadir ya dube ta sosai. "Me kika fi kowa iyawa?"

"In na ce a yi abu, ana yi," in ji ta, kai a sama. "Ni na tara matan unguwa muka gyara rijiya."

Bayan wata guda ta dawo daga wurin tantancewa da takardar ɗauka. Ta ce babban masu gwajin mai farin gashin baki ne, ya yi ta zare ido, amma ita da ta kalli ubanta, wa ya rage?

Ranar kasuwar Ɗanbatta Sabo ya tsaya a rumfar masu gyaɗa ya sanar cewa shi, da bai san baƙi ko ɗaya ba, ya horar da hafsa, kuma daga yau sai an sara masa kafin a gaishe shi. Abdulƙadir yana gefe yana murmushi. Da aka yi masa barka, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai yarinyar nan ta yi ƙoƙari."