Katafila a Fadamar Mukonde

Tun motar haya ba ta gama tsayawa ba Ratidzo ta diro, saura kaɗan motar ta wuce da takalminta ɗaya. Wayarta na ta kuka a jaka, kira na tara ke nan daga Kansila Mutero, amma ba ta ɗauka ba, don ga shi can ta hango shi a gangaren fili yana ta wurga hannuwa sama kamar mai korar tsuntsaye a gonar dawa.

Katafilar majalisar gari tana tsaye cak, bakinta cike da baƙar laka. A gabanta tsofaffin mata bakwai sun zauna dirshan, sun miƙe ƙafafu, kowacce ta cire ɗankwali ta ɗora a cinya. Ta tsakiyarsu kuwa surukarta ce, Mbuya Marufu.

"Yawwa, ga uwar taswira ta iso!" in ji Kansila, gumi na bin wuyan rigarsa. "Ƙarfe sha ɗaya saura minti goma, Ratidzo. Sha ɗaya daidai Magajin Gari zai zo aza harsashi, da 'yan jarida, da 'yan makaranta masu waƙa. Kin ga abin da zai tarar? Je ki ɗaga tsohuwarki, ko 'yan sanda su ɗaga miki ita."

"Me ya faru?"

"Tambayi wancan matsoracin."

Direban katafilar, Gwinyai, yana tsugune nesa da motarsa, ya cire hular kwano yana fifita da ita. "Matsoraci ne ni, Kansila, na yarda. Ga makulli nan a jiki, ka hau ka tuƙa, ai kai ma kana da ƙafa biyu. Ni dai cokali ɗaya na ɗiba na ji ƙas, kamar an taka ƙwai. Tukunya ce. Kafin in leƙa, iyayen nan sun fito daga cikin ciyawa sun lulluɓe ta da zani. Matata tana da cikin wata bakwai, ba da ni ba."

Ratidzo ta juya ta dubi gangaren.

Wannan fili na unguwar Mukonde aikinta ne. Shekara biyu ta yi a ofishin tsara gari tana kai gwauro tana kai mari kafin majalisa ta yarda a mayar da shi wurin shaƙatawa na jama'a: filin ƙwallo a sama, ɗakin karatu a tsakiya, lilon yara ƙarƙashin itatuwa. Ban-ɗakunan jama'a kuma ta ajiye su can ƙasa, a kusurwar fadama, saboda babban bututun ruwan datti ta nan ya bi. Ranar da aka amince har jarida ta buga hotonta.

Wata uku da suka wuce an yi taron jin ra'ayin mutanen unguwa a zauren coci. Mbuya Marufu ta miƙe da sandarta ta ce, "Fadamar ƙasa ba a tona ta." Ratidzo tana kan tebur da lasifika a hannu, shugabanninta a dama da hagu. Ta ce, da Turanci, "Duk mai ƙorafi ya faɗi dalilinsa a nan, a rubuta." Tsohuwar ta dubi mazan da suka cika zauren, ta koma ta zauna. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Dankalinta take karewa!" Zaure ya kwashe da dariya. Ratidzo ta sunkuya ta rubuta: babu dalili.

Tun ranar surukarta ba ta sake cin tuwon sadzar da Ratidzo ta tuƙa ba.

Yanzu ta gangara, tsinin takalminta na nutsewa a laka, har ta gaji ta cire su ta riƙe. Ta durƙusa gaban tsofaffin, ta tafa hannu kamar yadda ake gaida manya.

"Mama, ina kwana."

"Mun kwana in kin kwana, ma'aikaciyar gwamnati," in ji Mbuya, ba ta ko dube ta ba. "Kin zo da lasifikarki?"

Wata tsohuwa mai giɓi a gefe ta ce, "Ki yi mana da Turanci, 'yar nan, mu ma mu ƙaru."

"Mama, ku yi mini rai. Ku gaya mini."

"A gaban waɗannan?"

Ratidzo ta waiga. Kansila da leburori sun matso, kunnuwa a miƙe. Ta miƙe ta ce, "Duk namiji ya koma bakin titi." Kansila ya buɗe baki, ta ce, "Minti biyar, ranka ya daɗe, in kana son su tashi." Ya ja tsaki, ya duba agogo, ya juya. Gwinyai kuwa ya riga kowa isa titi.

Sai a lokacin Mbuya ta ɗago ido.

"Maman Kuda, shekara nawa ke nan?"

Ba ta ce shekarar me ba, kuma Ratidzo ba ta tambaya ba. "Sha ɗaya."

"Sha ɗaya. Kwanansa biyu a duniya, a ɗakina. Na karɓe shi daga hannunki da hantsi, na ce kada ki yi kuka, ba ki yi ba. Kin taɓa tambayata inda na kai shi?"

"An ce ba a tambaya."

"Ba a tambaya a shekarar. Bayan kin haifi Kuda fa? Bayan ƙanwarsa? Sauran mata suna zuwa su same ni a madafa, su ce, Mbuya, nuna mini da ido kawai. In nuna musu. Ke kika tafi jami'a."

Ratidzo ta san al'adar kamar yadda kowace mace a nan ta san ta. Jaririn da bai fito da haƙori ba ba a kai shi maƙabarta, ba a yi masa makoki, ba a sa maza a zancen. Tsofaffin da suka daina haihuwa su ne ke ɗaukarsa su sa shi a tukunya su binne a ƙasa mai danshi, don kada mahaifar uwarsa ta bushe. A duk Mukonde kuwa ƙasa mai danshi ɗaya ce.

"Wannan da aka fasa," ta ce, "shi ne?"

"A'a. Wannan na 'yar Maman Chipo ne, bara waccan." Mbuya ta nuna da haɓa. "Naki yana can. Ƙirga turakun awonku daga bakin ramin. Ɗaya, biyu, na uku mai jan ƙyalle."

Ratidzo ta san turken. Ba sai ta buɗe taswira ba. Nan ne kusurwar ban-ɗakin maza.

Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Abin da ya fi ƙona ta shi ne ba za ta iya cewa ba ta sani ba. Duk filin nan ta zagaye shi da ƙafa, taku-taku, da abin awo a hannu, ban da wannan kusurwa. Sau uku tana gangarowa, in ta hango dogayen ciyayin nan sai ta tuna da wani aiki a ofis. A ƙarshe ta zana wurin daga hoton da aka ɗauka ta sama a tsakiyar rani, ta rubuta a rahoto cewa busasshiyar ƙasa ce, ta sa hannu.

"Su nawa ne a nan, Mama?"

"Ba a ƙirgawa. Tun uwar mijina tana kawowa."

Daga bakin titi aka ji jiniya. Motoci uku baƙaƙe suka kunno kai, 'yan makaranta suka fara waƙa tun ba a ba su alama ba. Kansila ya taho da gudu-gudu, ya manta da minti biyar ɗinsa.

"Sun ce me? Nawa suke... me suke so?"

"Ba za a tona nan ba."

"Ke ma?" Ya rage murya. "Ki saurare ni, ƙanwata. Majalisa ta amince da tsarin nan, an buga shi a jaridar gwamnati. Ba a taɓa shi sai da dalili a rubuce, ke kika koya mana wannan. In kaburbura ne ki faɗa, a kira 'yan sanda da likita su tono su, a kai maƙabarta cikin mutunci, mu ci gaba."

Tsofaffin suka ɗago kai. Ratidzo ta ji idanunsu a bayanta. In ta faɗa, yau ɗin nan maza da safar hannu za su zo su jera tukwanen a rana, a tambayi sunan kowace uwa a rubuta, a kai su busasshiyar ƙasa. In ba ta faɗa ba, babu dalili, a kawo wani direba.

Magajin Gari ya riga ya sauko da sarƙarsa ta zinariya a wuya, 'yan jarida na biye da shi, yana taka laka a hankali yana duban takalminsa.

"Mutero, wannan kuma wane irin maraba ne? Iyayenmu a ƙasa?"

"Ƙaramin saɓani ne, ranka ya daɗe, yanzu..."

"Laifina ne," in ji Ratidzo.

Kyamarori suka juyo kanta. Tana tsaye ba takalmi, laka har idon sawu.

"Ni ce na rubuta rahoton ƙasar nan. Na ce busasshiya ce. Ƙarya na rubuta, ranka ya daɗe. Ban taɓa taka wannan kusurwa ba, daga kan tebur na zana ta. Fadama ce, ga ruwa nan yana tsatsowa a ramin, kowa ya gani. Doka ta hana gini a fadama. Iyayen nan sun gaya mini a taro, na sa aka yi musu dariya."

"Kin san abin da kike faɗa?" in ji Magajin Gari a hankali. "A gaban waɗannan?"

"Na sani."

"Rahoton ƙarya, da sa hannunki."

"Da sa hannuna."

Wata 'yar jarida ta tura mata waya har kusa da baki. "Cin hanci aka ba ki?"

"A'a. Lalaci ne."

Ta zaɓi kalmar da za ta fi saurin gamsar da su, ta kuwa gamsar. Wani lebura ya yi dariya. Shugaban ofishinta, wanda ya tsaya mata shekara biyu, ya cire tabarau yana gogewa, ya ƙi haɗa ido da ita. Can cikin 'yan makaranta ta hango Kuda a layi na biyu, da furen takarda a hannu. Ya sunkuyar da kai.

Magajin Gari bai ɓata lokaci ba. Ya juya ga kyamarori ya ce majalisarsa ba ta wasa da muhalli, an dakatar da sabon tsarin baki ɗaya sai an sake bincike, ita kuma ma'aikaciyar ta miƙa makullin ofis kafin ƙarfe biyu. Cikin minti goma jiniya ta yi nisa. Gwinyai ya hau katafila, ya sauke lakar da ke bakinta a hankali inda tsofaffin suka nuna masa, ya ja da baya yana kallon gefe guda.

Fili ya rage daga ita sai su.

Ratidzo ta tsaya, ba ta san inda za ta sa hannunta ba. Tsofaffin suka ɗaura ɗankwalayensu, suka fara tura laka cikin ramin da tafin hannu. Babu wadda ta ce mata sannu.

"Lalaci," in ji mai giɓin nan, tana girgiza kai. "Gobe a jarida, surukar Marufu malalaciya. Mun shiga uku a coci."

"Ai gara haka," in ji Mbuya. Ta dubi Ratidzo sama da ƙasa. "Za ki tsaya nan kamar turke ne? Ke ba ki isa taɓa wannan ba, kina haihuwa tukuna. Amma ɗebo mana ruwa a rafi, a yayyafa."

Ratidzo ta ɗauki bokitin leburori ta nufi rafi. Hanyar ta bi ta gefen turke na uku. Ta rage tafiya, ta dubi ƙasar, ciyawa ce kawai, kore shar, da sawun akuya. Ta yi ta jiran hawaye, ba su zo ba, sai zafin kunya da ke cin fuskarta.

Tana dawowa da ruwa a ka ta ji ƙarar mota. Wata farar a-kori-kura ce ta bar titi, ta ratso ta cikin filin kai tsaye, bayanta cike da sandunan ƙarfe da nadin waya mai ƙaya. Ta tsaya dab da ramin. Wani dogon mutum ya fito, da farar riga da takalmin roba sabo fil, fayil a hammata. Ratidzo ba ta taɓa ganinsa ba.

"Sannunku da aiki, iyaye," ya ce, yana murmushi har kunne. "Yanzu nake jin labari mai daɗi, wai an dakatar da wurin shaƙatawa."

"Kai ne wa?" in ji Mbuya.

"Maƙwabcinku, in an jima." Ya buɗe fayil, ya zaro takarda mai hatimin majalisa, ya miƙa wa Ratidzo. "Ke da alama kin iya karatu. Tunda sabon tsari ya tsaya, tsohon ne ke aiki, a tsohon kuwa nan filin gidaje ne. Fegi arba'in aka ba ni, daga wancan itacen har bakin rafi, shekara takwas ina jira."

Ya juya ya buga gefen motar, maza huɗu suka diro da diga da shebur.

"To, wace ce a cikinku Ratidzo Marufu? Ina so in yi mata godiya kafin mu fara."