Faya-fayan Mushe Élisée a Rana

"Zubaida! Wa ya hidda waɗanga waje?"

Madam Cécile ce tsaye a tsakar gida, ko mayafin da ta dawo da shi daga asibiti ba ta cire ba, tana nuna tabarma. Na saki tsintsiya. Ni na fidda su mana, wa kuma? Tun da hantsi na shigo gidan maƙwabtan nan nawa, don an ce yau za a sallamo mijinta, Mushe Élisée, ni kuwa a duniya ba na iya ganin majiyyaci ya koma ɗaki mai warin rufi. Katifa, bargo, matashi, duk na baza su a rana. Faya-fayan garmahonsa guda uku ma na zare su daga kwalayensu, na goge da tsumma, na jera su wai su sha iska.

Zafin ranar garinmu Dogon Dutsi, kuma a bazara! Da na ɗaga na farko sai da ya ƙona mini yatsa. Ya lanƙwashe kamar busasshiyar fata. Sauran biyun ma haka.

Mushe, kamar yadda muke kiran malamin boko, ya koyar da rabin unguwarmu a lakwal, makarantar boko ke nan, har da ni. Sai da ya aje aiki ya ce zai fara tara kiɗan jaz na da, irin wanda taron makaɗa ke busa ƙahoni tare, wanda ya fara ji yana yaro a ɗakin wani fada na mishan. Ya sa kafinta ya yi masa kanta mai cin faifai ɗari. Ya yi ta aike Yamai da Kwatano, uku kaɗai ya samu. Ni ce kan gaba wajen tsokanarsa: "Mushe, kantar nan ka ba ni in jera kwanoni." Sai ya ce, "Yanzu na fara, ɗiyata."

"Likita ya ce mu kawo shi gida, babu sauran abin yi," in ji Madam, muryarta ƙasa-ƙasa. "Tun jiya ba abin da yake tambaya sai wanga kiɗi."

"In kira ɗana ya nemo masa a waya?"

"Ba ya son na waya. Ƙarar allurar garmaho yake so."

Ba ta zage ni ba, wallahi da ta zage ni da ya fi mini. Na danne faya-fayan da turmi, na sa musu jiƙaƙƙen zane, ko gezau. Kunya ta hana ni tafiya gida, ta kuma hana ni ɗaga ido.

Bayan la'asar aka shigo da shi, an tallabe shi mutum biyu. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Ya shaƙi ƙamshin katifa ya ce, "Aikin Zubaida ne wanga." Sannan ya dubi kantar faya-fayansa. "Ku sa mini mai jan kwali."

Madam ta miƙa hannu, na riga ta. Ni na ɓata, ni zan sa. Na ɗora allura. Faifan ya shiga juyawa yana hawa yana sauka, ƙahonin suka taso, suka karkace, suka ja murya kamar masu jin barci, ganga tana tuntuɓe a bayansu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya rufe ido yana saurare.

"Rana ce?"

"Rana ce, Mushe. Ni na shanya su. Ka gafarce ni."

Na kai hannu zan ɗage allurar.

"Bar su," ya ce. "Suna ƙoƙari. Bar su su kai ƙarshe."

Yatsansa biyu na bugun gefen gado, suna jiran gangar duk inda ta makara. Haka muka zauna mu uku har allura ta kai tsakiya tana ƙas-ƙas.

Washegari da hantsi ya cika. Na yi aikin makoki da kaina a sunkuye, ruwa, itace, wanke-wanke, ban yarda na leƙa ɗakin ba.

Yanzu, in la'asar ta yi kuma akwai kuran, wutar lantarki, Madam Cécile takan sa mai jan kwalin. Karkatattun ƙahonin nan sai su tsallako katanga su same ni bakin turmi. Nakan tsaya da taɓarya a hannu, gero na jira, har su kai ƙarshe.